Yadda Ake Raka Aboki a Rabin Gudun Fanfalaki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar makaranta ranar gudun yada-ƙanin-wani ya san abin da kan faru. Da an busa usur sai yara su zabura kamar awakin da aka kwance daga turke, kowa yana so a gan shi a gaba. Kafin a je ko'ina rabinsu sun dafe kwiɓi, waɗansu sun koma tafiya, waɗansu kuwa sun zauna gindin mangwaro suna haki. Waɗanda kan shigo da fari, sau da yawa ba mu ma lura da su ba sa'ad da aka tashi. Wannan gudu namu na makaranta bai wuce 'yan kilomitoci ba. To, yaya ke nan idan nisan ya kai kilomita 21, mai gudun kuma bai taɓa yin irinsa ba?

Shi ya sa a bana muka ga ya kyautu mu yi bayani a kan wani aiki da ba a cika yin maganarsa ba, wato aikin wanda ya riga ya saba da dogon gudu, ya yarda zai raka abokinsa, ko wadda za ta raka abokiyarta, a karon farko. Turawa sukan kira irin wannan mutum zomo. Mu za mu ce da shi ɗan rakiya. Mun san a bakin 'yan kallon ƙwallo wannan suna ba'a ne, da shi ake zolayar ƙungiyar da ta je gasa ba ta ci kome ba. A dogon gudu ba haka abin yake ba. Ɗan rakiya yana da aiki na ainihi, babban aikin nasa kuwa ba jan abokinsa gaba ba ne, kamar yadda yawancinmu muke zato. Riƙe shi ne.

Nisan da ake magana

Cikakken gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195. Wannan tsawo ya samo asali daga wasannin Olamfik da aka yi a Landan a 1908, aka kuma tabbatar da shi a hukumance a 1921. Rabinsa shi ne kilomita 21 da mita 97 da rabi. Idan muka auna da fili mai zagayen mita 400, sai an zagaya sau 52, a ƙara kusan kashi uku cikin huɗu na wani zagayen. Gwanayen duniya suna gama shi cikin ƙasa da awa ɗaya. Moses Tanui na Kenya ne ya fara yin haka a birnin Milan a 1993, da minti 59 da sakan 47. Sabon shiga irin abokin da muke magana a kansa zai ɗauki awa biyu zuwa uku. Wato zai daɗe cikin rana ninki biyu ko fiye na lokacin gwani, wannan kuwa abin tunawa ne in mun zo maganar ruwa da zafi.

Masu shirya irin wannan tsere da yawa ba su karɓar wanda bai kai shekara 17 ko 18 ba. Saboda haka ƙananan ɗalibai su karanta su ajiye har lokacinsu ya yi. Manyan ɗalibai da malamai da iyaye, ku ne maganar ta fi shafa.

Mutumin da ya ƙi jin magana

Ran 6 ga Mayu 1954, a filin Iffley Road da ke Oksfod ta ƙasar Ingila, wani ɗalibin aikin likita mai shekara 25, Roger Bannister, ya zama mutum na farko da ya gudu mil ɗaya, wato mita 1,609, cikin ƙasa da minti huɗu. Ya gama a minti 3 da sakan 59.4. Sunansa ne ya shiga littattafai, amma abokansa biyu ne suka raka shi, Chris Brasher da Chris Chataway. Shirinsu shi ne Brasher ya ja gaba a zagaye biyu na fari, Chataway ya karɓa a na uku, sa'an nan Bannister ya ƙarasa da kansa.

Bannister ya yi kwanaki yana hutawa kafin ranar, saboda haka da aka tashi sai ya ji jikinsa sakayau, ya ga kamar rarrafe suke yi. Ya daka wa Brasher tsawa ya ƙara wuta. Brasher ya ji shi sarai, amma bai ƙara ko taki ɗaya ba. Da suka cika zagayen farko aka faɗi lokaci, sakan 57 da rabi. Ashe ba a hankali suke tafiya ba, har sun ɗan zarce abin da ake bukata. Da Brasher ya biye masa, da ƙarfin da Bannister ya ƙarasa zagayen ƙarshe da shi ya ƙare tun a hanya. Shi kansa Bannister ya amsa daga baya cewa natsuwar Brasher ce ta sa abin ya yiwu.

Mun tsaya a kan wannan labari domin abin da ya sami Bannister shi ne zai sami abokinka. Ya huta, ya ci ya ƙoshi, ga taron jama'a, ga kiɗa, ga ɗoki. A wannan safiya jikinsa zai yi masa ƙarya, ya ce masa gudun bai kai ba. Idan wanda yake koyon aikin likita, ya kuma san jikin mutum, ya ruɗu haka, ina ga sabon shiga? Kai ne agogonsa, kai ne kuma kansa a lokacin da nasa ya ɗauki zafi.

Me ya sa saurin farko yake da tsada haka? Jiki yana da man gudu iri biyu. Akwai kitse, wanda yake da yawa amma a hankali yake ci. Akwai kuma sukarin da aka ajiye cikin tsoka da hanta, wanda malaman kimiyya suke kira gilaikojin, shi kuwa da sauri yake ci amma kaɗan ne, abin da zai riƙe mai gudu da ƙarfi kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu. In mutum yana tafiya a natse, jiki yakan haɗa su biyun. In ya ƙara sauri, sai jiki ya fi jingina ga sukarin, numfashi ya yi sama, zafin jiki ya hau, ƙafafu su fara nauyi tun tafiya ba ta yi nisa ba.

Bari mu yi lissafi. A ce abokinka ya rage sakan 30 a kowace kilomita cikin biyar na farko. Ya ci ribar minti biyu da rabi. Amma in wannan ya sa ya koma tafiya da ƙafa a kilomita ta 17, inda zai ɗauki minti 12 maimakon 7, to a kilomita ɗaya tak ya yi asarar minti biyar, ga kuma sauran huɗu suna jiransa. Gwanaye sun san wannan. Sa'ad da marigayi Kelvin Kiptum na Kenya ya gudu cikakken fanfalaki a Shikago a 2023 cikin awa 2 da sakan 35, rabin farko ya ɗauke shi minti 60 da sakan 48, rabi na biyu kuwa minti 59 da sakan 47. Ku duba da kyau, daidai lokacin Tanui ke nan na 1993, sai dai shi Kiptum ya yi nasa ne bayan ya riga ya gudu kilomita 21.

Zaɓen taki

Takin da za ku bi na abokinka ne, ba naka ba. Ba kuma daga burinsa za a ɗauko shi ba, daga abin da ƙafarsa ta riga ta nuna ne. Hanya mafi sauƙi ita ce, saura kamar mako huɗu ko biyar, ya gudu kilomita 10 iyakar ƙoƙarinsa, ka riƙe agogo. Ninka lokacin da ya yi sau 2.2. Wannan lissafi ya fito ne daga wata ƙa'ida da wani injiniya ɗan Amurka, Peter Riegel, ya fitar a 1977. Idan ya yi kilomita 10 cikin minti 65, lissafin zai ba da minti 143. Amma ƙa'idar ta fi dacewa da waɗanda suka daɗe suna dogon gudu, don haka ga sabon shiga mu muna ƙara minti biyar ko fiye. Ya zama minti 148, wato minti 7 a kowace kilomita.

Da wannan taki za ku wuce kilomita ta 5 a minti 35, ta 10 a awa 1 da minti 10, ta 15 a awa 1 da minti 45, ta 20 a awa 2 da minti 20, ku gama wajen awa 2 da minti 28. Rubuta waɗannan da biro a bayan hannunka, gama lissafi yakan gagari kai in gajiya ta zo. Wanda yake so ya gama a awa 2 da minti 15 zai bukaci minti 6 da sakan 24 a kilomita, mai neman awa 2 cif kuwa minti 5 da sakan 41.

Kai ma akwai abin da ake bukata a wurinka. Dole takin ya zama mai sauƙi a gare ka ƙwarai, har kana iya magana, kana duba agogo, kana ɗauko ruwa ba tare da haki ba. In ƙarfinku ɗaya ne da abokinka, to ku abokan tafiya ne kawai, babu mai rakiyar wani. Sa'an nan ka sani gudu a hankali fiye da yadda ka saba shi ma sai an koya. Ku je fili tare. Minti 7 a kilomita shi ne minti 2 da sakan 48 a kowane zagaye na mita 400. Ku yi ta maimaitawa har ƙafarka ta gane shi ko ba ka dubi agogo ba. Wanda bai yi wannan ba, a ranar tsere ƙafarsa za ta koma ga takinta na kullum ba da saninsa ba, ya yi wa abokinsa lahani da kyakkyawar niyya.

Game da horo ba za mu tsawaita ba. Mako 10 zuwa 12 ya isa ga wanda ya riga yana iya kilomita 5 ba tsayawa. Gudu uku ko huɗu a mako, ɗaya daga ciki dogo, ana ƙara masa kaɗan kaɗan har ya kai kilomita 16 zuwa 18 saura mako biyu, daga nan a sassauta. Ku yi dogayen nan tare ko da sau biyu ne ko uku. A nan za ka san yadda numfashinsa yake in yana lafiya, da yadda yake in ya fara galabaita, ka kuma san ko shi mai son hira ne ko mai son shiru. A nan ne kuma za ku yi maganar da ta fi kowace muhimmanci, ku yi ta tun kuna zaune a inuwa: in ka ce a tsaya, za a tsaya, ba gardama.

Ka kuma yi rajista ka karɓi lambarka. Dokar guje-guje ta duniya ta hana wanda ba ya cikin tsere ya daidaita wa mai tsere taki. Ko Eliud Kipchoge, da ya gudu cikakken fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40 a birnin Vienna ran 12 ga Oktoba 2019, ba a rubuta lokacin cikin bajintar duniya ba, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne 'yan rakiyarsa 41 suna shiga suna fita ne bi da bi. Kada ka ce za ka faɗo hanya daga tsakiya, ko ka bi shi da keke.

Ranar tsere

Kada a gwada sabon abu. Takalmin da aka yi horo da shi, da safar da aka saba, da abincin da ciki ya sani. Koko da burodi, ko ayaba, ko dafaffen dankali, awa biyu zuwa uku kafin a tashi. Wake da yaji da mai su jira sai an dawo. A shafa man Vaseline a matsematsi da hammata, maza kuma har da kan nono, gama rigar da ta jiƙe da zufa takan goge fata har jini ya fito. Waɗanda ba su taɓa gani ba sukan yi dariya in an faɗi wannan.

Ku tsaya can baya, wurin masu taki irin naku. Kilomita ta farko za ta kasance da cunkoso, wataƙila ta ci minti 7 da rabi. Bar ta. Kada ku yi ta kutsawa hagu da dama don neman wucewa, gama masu auna hanya suna bin layi mafi gajarta ne, duk wata karkata da kuka yi ƙarin nisa ne da ba wanda zai biya ku. Rabin mintin nan zai dawo da kansa a hankali cikin kilomita goma masu zuwa.

Daga kilomita ta 2 zuwa ta 8 ne aikinka ya fi wuya, ko da yake a nan ne gudun ya fi daɗi. Mutane za su yi ta wuce ku, har da tsofaffi da masu ƙiba. Abokinka zai dube ka ya ce, "Mutumina, mu ɗan ƙara mana, ni fa ban ji kome ba." Ka ce masa, "Haka ake so. Riƙe shi, za mu bukace shi a gaba." Gwajin da muke amfani da shi shi ne magana. In yana iya faɗin jimla guda cikakkiya ba tare da ya yanke don numfashi ba, takin ya yi. In maganarsa ta koma kalma biyu biyu tun ba a kai rabi ba, ku rage, kome agogo ya ce. Da yawa daga cikin masu wuce ku yanzu za ku same su a gaba suna tafiya da hannu a ƙugu.

Wurin tsayawarka shi ne gefensa, kafaɗa da kafaɗa, ko rabin taki a gabansa. In ka ba shi tazarar taki uku kana waiwaye, ka karya masa zuciya, gama zai ga kamar shi kaya ne kake ja. Manyan 'yan tsere sukan ɓuya a bayan ɗan rakiya don ya tare musu iska, domin turjiyar iska tana ƙaruwa ninki huɗu in sauri ya ninka biyu. A takinku wannan ba wani abu ba ne, sai fa in kuna fuskantar iskar hunturu. In haka ne, shiga gabansa ka tare masa.

A hawan tudu ku rage tsawon taki, ku bar agogo ya yi abin da ya ga dama. Ƙarfin da ake sawa shi ne ya kamata ya daidaita, ba mintocin ba. A gangara kuma kada ku saki jiki, gama gangara tana dukan cinya fiye da hawa, sai can gaba za a ji.

Maganar ruwa tana bukatar hankali ta fuska biyu. Cikin ƙarfin da tsoka take ƙonawa, wajen kashi uku cikin huɗu zafi yake zama, zufa kuwa ita ce take fitar da shi in ta bushe a fata. Mai gudu yana iya zubar da lita guda a awa, ko fiye in ana zafi. A lokacin hunturu zufar tana bushewa nan take, mutum ya ɗauka bai yi ba. A Legas kuwa iska a jiƙe take, zufar sai ta yi ta zuba ba ta bushewa, jiki ba ya sanyi. Wanda ya yi horonsa a sanyin Jos ya gangara can, sai ya ƙara wa lissafinsa mintoci. Haka ma wanda ya hau Filato daga ƙasa mai kwari, gama Jos ta kai wajen mita 1,200 bisa teku, numfashi yakan yi gajere a kwanakin farko.

Galibi akan ajiye teburin ruwa kamar kowace kilomita biyar, wani wuri ma kusa da haka. Kai ka riga shi zuwa ka ɗauko, shi ya ci gaba. Ku koma tafiya taki ashirin ko talatin ya sha a natse, ba kunya a ciki. Ruwan leda rabin lita ne, rabinsa ya isa sha, sauran a zuba a ka. Amma kada ka dura masa ruwa a kowane tebur don tsoro. Ruwa in ya yi yawa yakan tsinka gishirin da ke cikin jini, wannan kuwa yana iya kumbura ƙwaƙwalwa har ya kai ga mutuwa. Likitocin da suka gwada jinin masu gudu 488 bayan gudun fanfalaki na Boston a 2002 sun tarar 13 cikin ɗari gishirin jininsu ya yi ƙasa, abin kuma ya fi samun waɗanda suka daɗe a hanya suna ta sha. Ƙishirwa ita ce ma'auni. Bayan awa guda ka miƙa masa dabino biyu ko uku, ko rabin ayaba, in dai ya saba ci a lokacin horo.

Wajen kilomita ta 15 hira za ta mutu. Daga nan ya shiga nisan da bai sani ba, ko ya kusa. Abin da za ka faɗa ya zama gajere, ya kuma zama gaskiya. 'Yan kallo za su yi ta ihu suna cewa saura kaɗan tun ana saura kilomita shida. Kai kada ka faɗa. In ka yi masa ƙarya sau ɗaya ya gane, ba zai ƙara yarda da kai ba, a daidai lokacin da ya fi bukatar wanda zai yarda da shi. Ka yanka masa hanyar gunduwa gunduwa: "Mu kai wancan gidan mai." "Ga tebur can, a can za mu sha ruwa." "Sassauta kafaɗa, ɗago kai." In ya yi maka tsawa ko ya ce ka yi masa shiru, ka yi shiru, gajiya ce take magana. Tsawa da gori irin na filin fareti kuwa rakiyar kura ce, ba ta aboki ba.

In ya ce sai ya yi tafiya, ku sa mata iyaka, minti ɗaya, ko zuwa wancan turken wuta, sa'an nan a koma gudu ko da sassarfa ce. Tafiyar da ba a sa wa iyaka ba takan zarce har ƙarshe. In lokacin da kuka shirya ya kuɓuce, ka daina faɗin mintoci gaba ɗaya. Kada kuma ka bar shi, kome ya ce. A 1994 wani ɗan rakiya mai suna Paul Pilkington, wanda aka ɗauka haya a gudun fanfalaki na Los Angeles, ya waiwaya bai ga kowa a bayansa ba, ya zarce ya cinye tseren. Shi nasa aikin kuɗi ne, doka kuma ba ta hana ba. Kai alkawari ka yi wa mutum ɗaya.

Sa'ad da ya kamata a tsaya

Wata uku bayan abin da ya faru a Oksfod, ran 7 ga Agusta 1954, ana wasannin ƙasashen renon Ingila a Vancouver ta Kanada. A ranar ce Bannister ya ci John Landy na Ostireliya a tseren mil ɗaya. Jim kaɗan sai ga Jim Peters na Ingila, wanda shi ne ya fara gudun fanfalaki cikin ƙasa da awa 2 da minti 20, ya shigo filin, ya ba na bayansa tazarar kusan minti 17. Rana tana da zafi, shi kuwa bai sassauta ba tun daga farko. A gaban dubban mutane ya yi ta tangaɗi, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa, bai san inda yake ba. Bai kai layin ƙarshe ba, asibiti aka kai shi, bai kuma ƙara shiga tsere ba.

Gajiya dabam, haɗari dabam, kai ne kuma za ka rarrabe, gama wanda zafi ya buge ba ya sanin ya buge shi. Ciwon ƙafa, da haki, da ƙorafi, duk na hanya ne. Amma in ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko ya ce yana jin sanyi alhali rana tana dukan ku, ko jiri, ko amai, ko ciwon ƙirji, to gudu ya ƙare. Ka yi masa tambaya mai sauƙi, sunan garinsu ko ranar da ake ciki. In ya yi jinkiri ko ya ba da amsar da ba ta kan hanya, ka tsai da shi. Zai yi gardama, wataƙila har da fushi, wannan ma yana cikin alamun. A irin wannan hali zafin cikin jiki yakan haura digiri 40, kowane minti kuwa yana ɓarna. Ka kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, in akwai ƙanƙara a sa a wuya da hammata da matsematsi, wani kuma ya ruga ya kira ma'aikatan lafiya. Sanyayawa ce farko, tun kafin mota ta zo. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa.

Akwai abu biyu da suka shafe mu a nan ƙasar musamman. Wanda ya yi zazzaɓin cizon sauro, ko kowane irin zazzaɓi, a makon tsere, kada ya gudu, ko da ya ce ya warke, ko da an riga an biya kuɗin rajista. Na biyu, wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da jinin AS. Yawancinsu suna wasanni lafiya lau, amma matsanancin gudu cikin zafi da ƙarancin ruwa ya fi yi musu haɗari, don haka ya kamata ka san irin jinin abokinka. Mai cutar sikila, da mai ciwon zuciya ko hawan jini ko asma, sai likita ya gan su kafin ma a fara horo.

Kada kuma ka ɗauke shi ko ka ja shi zuwa layi. A wancan gudu na Landan na 1908, Dorando Pietri na Italiya ya shigo fili a gaba yana faɗuwa, alƙalai suka tallafe shi har ya ƙetare, aka kuwa ƙwace nasarar aka ba Johnny Hayes na Amurka. Ban da doka ma, wanda ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa likita yake bukata.

In kuwa kome lafiya, kuka wuce kilomita ta 18 yana da sauran ƙarfi, to yanzu ne za ka ba shi abin da ya roƙa tun da safe. Ku ƙara kaɗan, sakan 10 ko 15 a kilomita. Nan ne zai fara wuce waɗanda suka wuce shi ɗazu, babu kuwa abin da yake ƙara wa mai gudu ƙarfi kamar wannan. Saura mita 200, ka ja baya taki biyu, ya ƙetare layi a gabanka.

Bayan an ƙetare kada ka bar shi ya zube ƙasa nan take. Tsokar ƙafa tana taimakon zuciya wajen mai da jini sama, in an tsaya cak sai jini ya taru a ƙafafu, jiri ya ɗebi mutum. Ku yi ta takawa minti biyar zuwa goma, ya sha ruwa kaɗan kaɗan, ya ci wani abu mai ɗan gishiri, ya sake riga busasshiya. Ka kuma faɗa masa tun da wuri cewa ciwon cinya ya fi tsanani a rana ta biyu, ba washegari ba, don kada ya tsorata. Saukowa daga bene zai fi hawa wuya, waɗansu ma da baya da baya suke saukowa. Ya huta mako guda kafin ya sake ɗaura takalmi.